Ba Garba Ba Ne

Mai ƙidaya ta zauna a kan turmin matata,
ta ce, "Baba, sunan mahaifi?"
Na ce Garbutt.
Ta rubuta Garba.
Na ce, 'yata, ƙara masa wutsiya,
ti biyu ne a ƙarshe, tsaye kamar turakun rijiya.
Ta dubi fuskata, ta dubi baƙin hannuna,
ta ciji murfin biro.

Haka nake fama tun ina ɗan firamare a Bukuru.
A banki, a layin fensho, a tagar karɓar magani,
sai an kira sau uku ana waige-waige,
ana jiran wani mai jan kunne ya miƙe,
sai ga ni da carbina.

To, ga yadda abin ya faru.
Kakana Dogara ya taso daga Ningi da ƙafa,
neman kuɗin haraji, wata uku ya ce zai yi.
Ya ɗora kwanon kuza a ka a Dorowa
har gashin tsakiyar kansa ya ƙaura.
Dogara uku ne a barikin,
akawu ya gaji da rigima ranar biya:
wannan Dogara Dogo, wancan Dogara Kurma,
na ukun, mai riƙe wa Bature fitila a bakin rami,
aka liƙa masa sunan mai fitilar.
Layi ɗaya a littafin albashi, sule kaza a gefe.
Shi ke nan. Babu rago, babu wanzami.

Baturen ya koma gida da tari a ƙirji.
Abin da ya bari: kududdufi mai koren ruwa
da ya ci yara biyu a unguwarmu,
butar shayi marar murfi,
da wannan suna da harshe ke tuntuɓe a kai.

Jikana Zayyanu ya tono mini shi a waya.
Wai tsohon suna ne, mashi ne a gabansa,
a bayansa ko manzo ko jarumi,
masanan ma ba su gama sasantawa ba.
Wai ya ƙetare ruwa a bakin mayaƙa,
ya yi zango a wasu tuddai masu sanyi irin namu,
inda su ma ƙasa suke tonawa.
Na ce mashi? Kakana shebur ya riƙe.

Na ce su nawa ne yanzu a can?
Ya ja yatsa sama, ya ja ƙasa,
ya ce a ƙidayarsu ba su taka kara sun karya ba,
in an tara su duka
ba za su hana mai tumatir wurin zama a Faringada ba.
Sai na ji wani abu kamar tausayi.
Ashe a gidansa ma maraya ne.

Na lanƙwasa yatsuna na ƙirga namu:
goma sha ɗaya a wannan gida,
huɗu a Gangare, Asabe mai jinya a Gwagwalada,
ban da biyar da ke kwance a maƙabarta
waɗanda fom ba shi da gurbinsu.
Babu littafin Ingila da ya san da mu,
alhali mu ne muke ba shi tuwon acca,
muke kai shi masallaci da asuba.

Mahaifina ya so ya yar da shi a kotu,
ya je da kuɗin rantsuwa a aljihu, ya dawo da su.
Ya ce, duk abin da kamfani ya ba tsoho ya zaftare,
wannan kaɗai aka manta ba a cire ba.

Yarinyar ta soke Garba da layi ɗaya,
ta sake rubutawa a hankali, tana motsa leɓe.
Ta diga mini tawada a farce,
ta ce, "Baba, ban taɓa jin irinsa ba."
Na ce to, yau kin ƙirga shi.