Shayin La'asar a Hawa na Bakwai

Ranar da albashina na fari ya shigo hannu
na ce da Baba Arzika, sa rigarka ta Juma'a.
Likitan ido ya kawo shi Yamai daga Tawa,
jibi da asuba motarsa za ta tashi.

Akwatin ƙarfe ya ɗaga mu sama,
ya dafa bango yana salati ƙasa-ƙasa.
Ƙofa ta buɗe da kanta.
Teburori sun sha farin ƙyalle kamar masu zuwa suna,
kiɗa na fitowa daga inda ba makaɗi.

Ga kogi can ƙasa, kwance, bai san da mu ba.
Jirgin kabewa ya nutse har wuya yana neman gaɓa,
a kan gada raƙumi ɗaya da kayan tabarmi
ya tsare motoci talatin, ko a jikinsa.

Hamani, haka aka rubuta a ƙirjin yaron,
da baƙin malam-buɗe-littafi a maƙogwaro,
ya miƙo takarda mai suna goma sha biyu.
Duk shayi ne, Baba.
Ya ce, to, a kawo babbansu.

Mutumin da ya yi shekara talatin yana fifita gawayi
a bakin rumfar dukanci,
yau an ajiye masa farar butar tangaran,
kofi zaune kan ɗan farantinsa,
cokali kamar na bai wa jariri magani,
da sukari ƙwaya-ƙwaya mai hantsakinsa na azurfa.

Ya leƙa kofin. Ya dube ni.
Ina kumfar?

Kafin in ba shi amsa ya ɗauki butar,
ya ɗaga ta sama, sama, har ta wuce hularsa.
Na kama hannun rigarsa.
Ni, da ya saya wa allo da alli da kuɗin takalma,
na kama hannun rigarsa don kada a gan mu.

Hamani ya ce, ƙyale shi, madam.

Ruwan ya sauko siriri kamar zaren ɗinki,
ko ɗigo bai taɓa farin ƙyallen ba.
Matar da ke teburin gefe ta ajiye wayarta.
Kumfa dai ba ta zo ba.
Baba ya yi dariya: ganyen nan ba shi da zuciya,
amma yana da ladabi.

Da ya shanye ya ɗaga kofin ga rana,
ya runtse idon da aka yi wa aiki,
ya ga inuwar yatsunsa ta cikin tangaran.
Ya daɗe.
Ya ce, wanda ya gina wannan ya san hannunsa.

Takardar kuɗi ta zo, jikka tara.
Na rufe ta da tafina. Ya riga ya gani,
likitan ya yi aiki mai kyau.
Bai ce komai ba.
Ya naɗe kek guda cikin hankici don Inna,
tafiyar yini a aljihun gaba.

Jemagu sun fara ratsa kogi muka sauko.
Bayan katanga, inda masu gadi ke zama,
Hamani ya kwance malam-buɗe-littafi,
ya tsuguna gaban ƴar shuɗiyar buta.
Baba, na farko ya kusa.

Muka zauna har na uku.
Na cire takalmina masu tsini na ajiye ƙarƙashin benci.

Yanzu in na kira gida, Inna kan ce
ya ishe su da labari a bakin rumfa.
Ba ya zancen shayin.
Cewa yake ya ga bayan shirwa tana tashi,
shi a sama ita a ƙasa,
kuma ɗiyarsa ce ta biya.