Kwatance

Kuran ya dawo ƙarfe biyu na dare.
Na kunna ordinatar a zauren Gwaggo Kubura, cikin Birni,
ina tsara mata lissafin masu cin alkaki bashi.

Na miƙa wa metod asusun Tsahiru
don ya gwada mini rangwame, gwaji kawai.
Da na waiwaya, jika uku ta koma biyu.
Wa ya taɓa?
Ni dai na san kwafi na bayar.

Da safe Mushe Illiyasu bai ko dubi allon ba.
Ya yago takarda daga kaye, ya ce, ina gidanku?
Na ce, bayan babban dutse,
ka wuce famfon da ya bushe tun Talata,
ƙofa shuɗiya mai tsatsa a gindi.
Ya rubuta sau biyu, ya raba,
ya ba ni ɗaya, ya riƙe ɗaya.

Takarda biyu ke nan, in ji shi. Gida nawa?

Na yi shiru.

In na bi tawa na shiga, na kwashe ruwan randarku,
da ƙishi za ki kwana,
ko da takardarki na ƙulle a bakin zane.
Amma in na soke tawa da bik,
na rubuta wani gida can Garin Malam,
na je na share shi, na shafe shi da farar ƙasa,
me ya sami gidanku?
Ƙofarku na nan da tsatsarta.
Kwafi kika bayar, gaskiya ne,
sai dai na kwatance, ba na gida ba.

A kan kabu-kabu ina komawa
Yaya Lawali ya faɗo mini a rai.
Shekara shida da hawansa motar Agadas.
Wataƙila ya daɗe da soke tasa takardar,
ya rubuta wata ƙofa, a wani gari.
Ba abin da ya motsa a ɗakinsa,
har takalmin ƙwallo na nan ƙarƙashin gado.

Na mayar wa Tsahiru da jikarsa ta bashi,
na faɗa wa Gwaggo yadda aka yi.
Ba ta ɗago daga kaskon suya ba.
Ta ce, shi ya sa ko ke
ba ki san inda nake ajiye zuma ba.