Takardar Magani

Shekara talatin da huɗu ina dako
a tashar jiragen ruwa ta Veracruz.
Buhun kofi, buhun sukari,
da ƙugu nake auna su, ba da sikeli ba.
Bayana bai taɓa cewa uffan ba.
Ashe bashi yake rubutawa.

Ranar da ya zo karɓar kuɗinsa
na sunkuya ne zan ɗaure igiyar takalmi.
Nan na ƙage kamar lauje,
har jikata Maribel ta shigo
ta tarar ina gaida ƙasa.

Na sha farar ƙwaya, na sha ja.
Na shafa man zafi har kyanwa ta ƙaurace wa ɗakina.
Wata biyu ina kwance kan katako
ina ƙirga tsagar rufi,
ciwo na gefena ya miƙe ƙafa
kamar shi ke biyan haya.

Likita Barradas, sa'ar autata ce,
ta danna nan, ta danna can,
ta ce, "Don Anselmo, kwanciyar ce ke cinye ka."
Ta ja takarda ta rubuta:
Rawa. Talata da Asabar.
Dandalin gari, bayan faɗuwar rana.
Na juya takardar, ko maganin yana baya.
Wayam.

Na je don kada a ce ban je ba.
Tsofaffi cikin fararen riguna, fararen takalma,
masu kakaki suna gyaran murya ƙarƙashin fitilu,
iskar teku na kawo warin gishiri da soyayyen kifi.
Na laɓe bayan wani ginshiƙi da sandata.

Casilda Uscanga ce ta tono ni,
mai sayar da furanni a bakin maƙabarta,
shekara saba'in da shida, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.
Ta karɓe sandar ta jingine,
ta ɗora tafina a bayanta,
daidai wurin da nawa ke ci.
"Nan ne nawa ma," in ji ta. "Taka."

Danzón ba rawar tsalle ba ce.
Taku ne ƙanana, duk a faɗin tabarma ɗaya,
gwiwa ta ɗan saki, ƙugu ya bi a hankali
kamar kwalekwale a ɗaure.
Can sai kiɗa ya juya, kowa ya tsaya cak,
mata su buɗe mafici, maza su share goshi.
Wanda ya tsara wannan hutun
lallai ya san ciwon baya.

Na taka mata yatsa sau biyar a daren farko.
Da safe na tashi ina zagin likita.
Asabar na koma.

Yau wata bakwai.
Ban ce na warke ba;
in iskar arewa ta taso, takan tashe shi,
ya ƙwanƙwasa, ya tambaya ko ina nan.
Amma yanzu baƙo ne, ba mai gida ba.

Sandar kuwa, ban san wanda ya ɗauke ta ba.
Ɗazu Maribel ta durƙusa za ta ɗaure mini farin takalmi,
na ce tashi, 'yar nan,
na sunkuya da kaina,
na ɗaure,
na ɗago.