Kafin Harshe Ya Yi Nauyi

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran agogo a bakin Bata,
gilashi a ido ɗaya, ɗan tsinke a hannu.
Na san agogon da datti ne kawai ya shaƙe shi,
na san wanda sai an girgiza yake motsi,
ka ajiye, ya yi shiru.
Irin wannan nakan gaya wa mai shi gaskiya,
ko da zai tafi yana tsaki.

Yaya Mudi ya kwana goma sha tara a asibitin Malam,
tiyo a hanci, tiyo a baki,
inji na hura masa ƙirji kamar zugazugin maƙera.
Mu kuwa muna baranda, kan tabarmar roba,
tuwo ya huce a kula ba wanda ya buɗe.
Babban ɗansa ya ce a sayar da filin Ɗorayi.
Ƙaramin ya ce Baba ba zai so haka ba.
Matarsa ta ja mayafi ta toshe baki.
Likita ta fito da takarda, ta ce,
"Wa zai sa hannu?"
Mu tara muka dubi juna.
Duk mun san irin goron da yake ci,
ba wanda ya san wannan.

Har yau yaran nan sai da Sallah suke gaisawa.

Shi ya sa ran Laraba, da na dawo daga awon hawan jini,
na yagi shafi a littafin bashi,
na zauna a soro na rubuta da boko,
ƙasa kuma da ajami,
kada wani ya ce bai gane ba.

Na ce: in harshena ya yi nauyi, Barira ce bakina.
Ita ce ta huɗu, na sani, kuma Nafi'u zai ji haushi.
Amma Nafi'u hawayensa a kusa suke,
zai sayar da rigar jikinsa
don in ƙara kwana ɗaya ban san inda nake ba.
Barira sai ta yi tambaya sau uku
kafin ta biya mai adaidaita.

Na ce: a yi min magani muddin magani yana magani.
Allura, ƙarin ruwa, wankin ƙoda, ban ƙi ba.
Amma in likitoci biyu suka duba, suka ce
injin ne ke numfashi, ni na riga na yi nisa,
to kada a taɓa gidan Gwammaja,
kada a cire Zinatu daga makaranta saboda ni.
A ba ni abin rage zafi,
a jiƙa min leɓe, a juya ni gabas,
wani ya zauna ya karanta min Yasin da bakinsa,
ba a kunna min a waya ba.

Liman Tukur ya karanta sau biyu, ya cire tabarau,
ya ce, "Ajali dai ba ya karanta takarda."
Na ce, "Na sani, Malam. Ba shi na rubuta wa ba."
Ya yi murmushi, ya sa hannu a wurin shaida.

Barira ta riƙe ta kamar garwashi.
"Baba, wannan ai mugun fata ne."
Na yi shiru. Ta share ido da gefen hijabi,
ta sake karantawa, ta ɗago:
"Likitoci biyun, a asibiti ɗaya ko daban-daban?"
Nan na san ban yi zaɓen tumun dare ba.

Ɗaya tana fayil ɗina a asibiti,
ɗaya tana gwangwanin madara, tare da ƙananan kusoshi.
Da safe na buɗe teburina kamar kullum.
Wani yaro ya kawo agogon kakansa, fuska a murtuke.
Na buɗe bayan, na duba.
Batir ne kawai.