Mabuɗin Ɗakin Sujada

Ni mai gyaran kwale-kwale ne a tsibirin Apiao.
Hannuna ya san ƙusa, ya san kwalta,
Littafi kuwa sai da gumi.
Fada sau biyu yake tsallako teku a shekara.
Ran da zai koma ya danƙa mini mabuɗin ɗakin sujada,
ya ce, "Belarmino, kafin in dawo, kai ne."
Na ce, "Ni da ko sunan 'yata sai na yi in'ina?"
Ya yi murmushi, ya hau jirgi.

Wata uku mabuɗin na aljihuna,
nauyi kamar anga.

Sai wani daren Yuli, tsakiyar sanyinmu,
ruwa kamar da bakin ƙwarya,
jikan Eduvina ya buga ƙofa:
"Kaka na jan numfashi, tana neman mai addu'a."
Na waiga ko akwai wani a bayana.
Babu, sai murhu da matata Rosenda.
Ta miƙo fitila, ba ta ce uffan ba.

A hanya na yi ta gardama da Ubangiji.
Na ce, ga malamar makaranta,
ga masu baki kamar zuma,
me Ka gani a jikin mai ƙarnin kifi?
Bai tanka ba. Laka ta cinye mini takalmi ɗaya.
Iskar da ta kwantar da shingen dankali
ta kasa hure fitilar.
Ban ce mu'ujiza ba ce, gilashinta mai kauri ne.
Na dai lura.

Tsohuwa na kwance cikin bargon ulu.
Na buɗe Zabura, haruffa suka kama iyo,
harshena ya sarƙe tun kalmar farko.
Ta kama wuyan hannuna,
ta ce, "Kar ka yi gaggawa, ɗana.
Ya riga ka zuwa. Tun la'asar Yana nan."

Sai na karanta, da in'inar da komai,
kamar mai tuƙi da igiyar ruwa ta tallafa.
Ta cika kafin carar zakara.

Da safe na auna katakon akwatinta,
wannan kam aikina ne.
Ran Lahadi na zura mabuɗi a ƙofa,
hannu na rawa har yanzu.
Mutum tara suka shigo da jiƙaƙƙun huluna.
Na tsaya gabansu, na ja numfashi,
ban yi gaggawa ba.