Abin da Ƙirji Ya Faɗa

Hoton farko ya fito tas.
Ga Don Fortunato a ƙofar ɗakinsa a Potosí,
hular haƙar ma'adinai a kan gwiwa,
leɓɓansa na motsi, na motsi,
amma abin da kyamarata ta kwaso
iska ce tsagwaronta, tana huci kamar an taka mata wutsiya,
sai haushin karen maƙwabta,
sai wata mota da ba ta san da zamanmu ba.
Shekara talatin da ɗaya ya yi a cikin dutse,
na dawo gida ba ko kalma guda.
Wanda ya ce gani ya kori ji
bai taɓa zura wa bakin tsoho ido ba
alhali muryar ta bi iska.

Ranar Alhamis na hau kasuwar El Alto,
boliviyano ɗari uku ƙulle a safata.
Wilmer mai rumfar wayoyi ya zaro makirufo
doguwa kamar bakin bindiga:
"Wannan tana jin raɗa daga tsallaken titi."
Na ce nawa. Ya faɗa.
Na yi dariya, shi ma ya taya ni.
Kuɗin hayata ne na wata huɗu.
Ya miƙo marar waya, mai 'yar fitila shuɗiya.
Na tambayi ƙarkon batir, ya dubi sama;
ya san sanyin can yana shanye batir kamar shayi.
Can ƙasan kwali, cikin tarkacen caja,
ga wata 'yar mitsitsiya, ba ta fi ƙwayar wake ba,
wayarta mita shida, maƙallinta ya fara tsatsa.
"Tamanin."
"Sittin."
"Saba'in, kuma kada ki dawo min da kuka."
Na sa ya yi magana a ciki, iyafis ɗin ƙanwata a kunnena.
Ya kira sunayen 'ya'yansa uku,
na ji su ɗaya bayan ɗaya, duk da ihun mai lemu.
Ragowar kuɗin ya tafi a tsohuwar rikoda
da aka ɗaure murfinta da roba.
Araha ba ta ado, na sani.
Ba ado na zo saya ba.

Sosonta ya ɓace mini a mota,
sai na yanke ɗan yatsa daga safar hannun mahaifiyata,
na sa mata hular ulu.

Na maƙala ta a rigarsa, taki ɗaya ƙasa da haɓa.
Ya ce, "Likita ma nan yake ɗora nasa."
Muryar ta zo ras, har na ji yawun da ya haɗiya.
Amma a ƙarƙashinta akwai wani abu,
kamar ana tankaɗe yashi a rariya.
Na zagi Wilmer a zuciyata.
Na canza batir, na murɗa waya, muka koma ɗaki.
Yana nan.
Sai na lura: in ya ja numfashi ya taso,
in ya yi shiru ya fi ƙarfi.
Ba wayar ba ce.
Dutsen ne, wanda ya biyo shi gida
ya tare a huhunsa.

Da dare kwamfuta ta nuna min maɓallin share hayaniya.
Yesenia ta ce, "Danna mana, a ji daɗin sauraro."
Yatsana ya daɗe a kai
har shayina ya huce.

Ban danna ba.
A minti na sha tara yana lissafa abokan raminsa:
Anacleto. Severino. Ƙaramin Hilarión, da bai kai ashirin ba.
Tsakanin kowane suna da na gaba
yashin nan na zuba,
kuma 'yar ƙwayar waken nan ta saba'in
ba ta bar ko tsaba ɗaya ta faɗi ƙasa ba.