Zane Biyu

Matakala ɗari da arba'in da uku
daga bakin tashar jiragen ruwa zuwa ƙofarmu.
Na ƙirga.
Duk wanda ya iso, ba magana a bakinsa,
sai haki, da jaka mai nauyin ɗan maraƙi.
Ba na tambayar suna.
Ruwa tukuna, suna ya biyo baya.

A Valparaíso kowane bango da bakinsa.
Namu ni na ba shi harshe:
shuɗin kifi mai fukafukai,
da wata tsohuwa tana ɗinke teku da allura.
Masu wucewa su ɗauki hoto su yi gaba.
Ba su san bayan bangon nan
gado goma sha biyu ne, da banɗaki biyu,
da ni, Rayén, da bokitina ba.

Ƙarfe shida, kafin tsuntsayen teku su soma gardama,
ina durƙushe.
Hannun da ke riƙe buroshin fenti da la'asar
shi ke riƙe buroshin masai da asuba,
kuma ban taɓa jin sun yi faɗa ba.
Gashi a magudanar ruwa,
yashi a ƙarƙashin gado na bakwai,
ƙafar safa ɗaya da mai ita ya riga ya kai Bolibiya.
Baƙo raɓa ne, in ji mutane,
amma raɓar nan tana barin sawu.

Kuɗin kwana a nan bai kai na faranti biyu a kasuwa ba.
Ƙanena Amaro, da ya sassaƙa kujerunmu
da katakon mataccen kwalekwale,
yakan ce: araha muke sayarwa, ba ƙazanta ba.
Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, na yarda,
amma tabarmar ma a kakkaɓe ta.

Ran wata Laraba, sanyi na sara,
na sauko ƙarfe huɗu neman ruwan zafi,
na tarar da Don Gumersindo,
dattijon da ya zo daga kudu ganin likita,
tsohon ɗan dakon tasha, mai kafaɗa kamar ƙyaure,
tsaye cikin duhu a bakin famfo,
yana cuɗa zanen gadonsa da sabulun wanke hannu.
Hannunsa na rawa.
Bai ɗago ba.
Warin ya riga ya faɗa mini abin da ya faru.

Ban kunna fitila ba.
Na ce: madalla, ka riga ni,
dama yau ranar wanki ce.

Ranar wankinmu Juma'a.

Gari na wayewa na bi gado-gado,
na yaye sha biyun duka,
har na 'yan matan da suka iso jiya da dare,
suna ta gunaguni da harshen da ba na ji.
Amaro ya dube ni, ya dubi kalanda,
ya ja bakinsa, ya ɗauko igiya.

Da hantsi, a kan rufi,
zane goma sha biyu farare suna kaɗawa,
ba mai iya nuna na wane ne wanne.
Dattijon ya zauna da shayinsa da burodi,
yana ba Amaro labarin wata guguwa.
Ya yi dariya sau biyu. Shi ma na ƙirga.

Ranar ban taɓa fenti ba.
Yatsuna sun yi fari, sun tattare.
Da yamma na sauka sayen kifi,
na waiwayo daga ƙasan tudu,
na hango su can sama da shuɗin kifina,
iska na hura su kamar za su tashi da gidan.

Shekara ashirin ina zane a bango,
ban taɓa rataya wanda ya kai waɗannan ba.
Kuma ko ɗaya babu sa hannuna.